Yadda Za Ka Gano Dalilin Bambancin Farashin Kifin Kiwo Tsakanin Nijeriya da Maƙwabtanta Kafin Ka Ɗauki Kaya

Mai kiwon tarwaɗa a Kano, Zariya ko Sakkwato yakan ji labarin cewa kilo ɗaya a Maraɗi, Damagaram ko Yamai ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba, sai hankalinsa ya tashi zuwa ga ɗaukar mota ya tsallaka iyaka. Tazarar da ake faɗa gaskiya ce, kuma ta daɗe, amma mafi yawanta ba riba ba ce da ke jiran wanda zai je ya kwasa. Canjin kuɗi, tsadar abincin kifi, irin kifin da ke gogayya da na kiwo a kowace kasuwa da kuma wahalar hanya su ne suka haifar da ita, kuma su ne za su cinye ta a hannun wanda bai yi lissafi ba. Wannan jagora an shirya shi ne domin mai kiwo, ɗan sari ko mai niyyar zuba jari ya iya warware tazarar da kansa, ya ware abin da yake na kuɗi, da na gona, da na hanya.

Daidaita abin da kake kwatantawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwatanta farashin bakin tafki a wata ƙasa da farashin teburin mai sayarwa a wata. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan sari, akwai dillali da la'adarsa, akwai mai teburin da ke ɗauke da asarar kifin da ya kwana bai sayu ba. Idan za ka tambayi farashi, ka tambayi na mataki ɗaya a ƙasashen biyu, kuma a rana ɗaya, domin a kasuwar kifi mako guda yana iya sauya magana.

Bayan mataki sai girma. A Nijeriya ana rarrabe tarwaɗa gida-gida: ƙanana masu nauyin giram 300 zuwa 500 waɗanda masu banda ke nema, matsakaita, da manya masu kilo ɗaya zuwa sama waɗanda gidajen farfesu da masu gasawa ke saye. Kowane gida da kuɗinsa, kuma babban kifi ya fi tsada a kan kowane kilo saboda ya ci abinci na wata biyar ko shida, alhali ƙaramin ya fita a wata uku zuwa huɗu. Haka nan dole ka san ko mai rai ake nufi, ko wanda ya mutu aka sa wa ƙanƙara, ko banda. Tarwaɗa mai rai ta fi daraja, kuma da zarar ta mutu farashinta ya faɗi. Banda kuwa lissafinta daban ne, tunda sai an ƙona ɗanyen kifi kilo uku zuwa huɗu kafin a sami kilo ɗaya na busasshe sosai; wanda ya ga kilon banda ya ninka na ɗanye sau uku bai ga riba ba tukuna, ruwan da ya fita kawai ya gani.

A kasuwanni da yawa na kan iyaka ba a ma amfani da sikeli, da kwando, daro, kwali ko kashi ake ciniki. Ka tafi da naka sikelin, ka auna abin da ke cikin kwandon da ake magana a kai, sannan ka mayar da komai kan kilo.

Mayar da farashin kan kuɗi ɗaya

Nan ne ya kamata a tsaya a nutsu, domin a ganina rabin maganar yana nan. Nijar da Benin suna amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, Kamaru da Chadi kuma da sefa ta Afirka ta Tsakiya. Kuɗi biyu ne daban, kowanne da babban bankinsa, ɗaya a Dakar ɗaya a Yawunde, amma dukansu an ɗaure su da yuro a kan ƙima ɗaya da ba ta motsi, wato sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Naira kuwa, da sidi na Ghana, kasuwa ce ke ɗaga su tana sauke su. A watan Yunin 2023 gwamnatin Nijeriya ta saki naira, dalar Amurka da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ma'anar wannan ga mai kifi ita ce, kilon da ake sayarwa a Maraɗi kan farashin sefa da bai sauya ba ya wayi gari ya yi tsada matuƙa idan aka mayar da shi naira, ba don Bamaraɗe ya ƙara ko sisi ba, sai don naira ta yi rauni. A ɗaya ɓangaren kuma ɗan kasuwar Nijar da ya shigo Jibiya ko Illela da sefa a aljihu ya tarar kifin Nijeriya ya yi masa araha, ya saya da yawa, abin da ke ɗaga farashi ga mai sayen gida a garuruwan kan iyaka.

Don haka kada ka yi lissafi da farashin canji na banki ko wanda ka gani a intanet. Ka yi da farashin da ɗan canji zai ba ka a hannu, a wurin da za ka canza, ko a Wapa ta Kano ne ko a bakin iyakar Maigatari, kuma ka yi da farashin da yake sayen sefa daga gare ka, ba wanda yake sayar maka ba, domin sefa za ka dawo da ita.

Akwai kuma yadda ake ƙirga kuɗi da baki a Nijar, wanda ya sa baƙi da dama suka ƙulla ciniki kan abin da ba su fahimta ba. A can da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan aka ce maka ɗari, sefa 500 ake nufi. Jaka ɗaya sefa 1,000 ce. Ka sa a rubuta maka lambar a takarda ko a waya kafin ka ce ka sallama.

Wani abu da ke tafe da kuɗi shi ne tsadar bashi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, alhali na yankin sefa ta Yamma yana kan kashi 3.5. Manoman kifi kaɗan ne ke karɓar bashin banki kai tsaye, amma kamfanin da ke sarrafa abincin da dilan da ke ajiye shi suna karɓa, kuma suna ɗora nauyin a kan buhu.

Bi sawun buhun abinci

Abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kifi, saboda haka duk wanda ya san farashin buhu a ƙasashe biyu ya kusa sanin farashin kifinsu. Hanyar lissafin ba ta da wuya. Buhun da aka saba da shi a Nijeriya kilo 15 ne. Ka raba kuɗin buhun gida 15 ka sami kuɗin kilo ɗaya, sannan ka ninka da yawan abincin da kifi ke ci kafin ya ƙara kilo ɗaya a jikinsa. A gonar da ake kula da ita da abinci mai kyau, wannan yakan kama daga kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Abin da ya fito ka ɗauke shi a matsayin kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da aka kashe, ka cike sauran, sai ka ga ƙasan farashin da mai kiwo ba zai iya sauka ƙasa da shi ba sai da asara. Ka yi haka ga ƙasashen biyu ka ajiye lambobin kusa da juna.

Abin da ya sa lambar Nijeriya takan fito ƙasa da ta Nijar shi ne masana'anta da noma. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, kuma girman kasuwar ya jawo kamfanonin abinci suka kafa masana'antu a cikin gida: Skretting a Ibadan, Olam a jihar Kwara tun 2017, Grand Cereals mai yin Vital a Jos, ban da ƙananan injinan da ke haɗa abinci a unguwanni. Masara tana zuwa daga Kaduna da kudancin Katsina, waken suya daga Binuwai da Kaduna, ƙuli-ƙuli kuma ko'ina akwai shi a Arewa. Nijar ƙasar gero da wake ce, masara da waken suya kaɗan take nomawa, ba ta kuma da gaɓar teku, don haka mai kiwo a Yamai ko Gaya yawanci yana ciyar da kifinsa da buhun da ya tsallako daga Nijeriya ko wanda ya biyo tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a mota. Kowane buhu ya iso da kuɗin hanya a kansa kafin kifi ya haɗiyi ƙwaya ɗaya. Irin kifi ma haka: inda masu ƙyanƙyasa suka yi yawa 'ya'yan kifi suna araha, inda kuwa sai an ɗauko su daga nesa, waɗanda suka mutu a hanya ana ɗora kuɗinsu a kan waɗanda suka rayu.

Sai dai kada a ɗauka abincin Nijeriya ya tsira daga dala. Garin kifi, sinadaran ƙarin gina jiki da abincin jarirai masu ƙanƙanta ƙwarai, irin na Coppens da ake shigowa da shi daga Turai, duk da kuɗin waje ake sayen su, shi ya sa faɗuwar naira ta ɗaga kuɗin buhu har masu kiwo da yawa suka rufe tafkunansu. Idan kana duba farashi, ka tambayi ko masu kiwon yankin abinci mai yawo a saman ruwa suke bayarwa har ƙarshe, ko kuwa suna komawa ga na gida mai nitsewa bayan wata biyu, domin wannan kaɗai yana iya raba farashin gonaki biyu da ke gari ɗaya, balle na ƙasashe biyu.

Nau'in kifin ma yana da tasa rawar. Tarwaɗa tana buƙatar abinci mai sinadarin gina jiki kashi 40 zuwa 45, karfasa kuwa kusan kashi 30 ya ishe ta. Ghana karfasa ta fi kiwo, a cikin keji a tafkin Bolta, inda ba a biyan kuɗin jawo ruwa, kuma mutanenta karfasa suka fi so, Nijeriya tarwaɗa. Wanda ya kwatanta farashin kifin kiwo na Akara da na Legas ba tare da ya bambance wannan ba, abu biyu daban ya kwatanta.

Ruwa, wuta da sanyi

Mai tankin siminti ko na tampol a Arewa da rijiyar burtsatse yake aiki, kuma canza ruwa yana nufin kunna famfo. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka janye tallafin fetur, mai kiwo a Nijeriya yana samun mai da araha fiye da duk maƙwabtansa, har man yana tsallakawa Nijar, Benin da Kamaru ta bayan fage. Wannan fifikon ya ragu. Ka tambayi mai kiwo a kowace ƙasa da me yake jawo ruwa, janareta, wutar gwamnati ko sola, ka raba kuɗin zangon gaba ɗaya a kan kilon da ya girbe. Ka kuma sa hunturu a lissafi: tarwaɗa ta fi girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30, a watannin Disamba da Janairu kuwa cin abincinta yana raguwa kuma ƙyanƙyasa tana wahala a ƙasar Hausa, don haka bayan 'yan watanni kifi yakan yi ƙaranci a Arewa da Nijar a lokacin da Kudu ke da shi.

Duba kifin da ke gefen naka a kasuwa

Kuɗin da aka kashe yana nuna ƙasan farashi, amma samansa abokan gogayya ne ke yanke shi. Na farko shi ne kifin kogi da tabki. Garin da ke kusa da Tafkin Chadi, kogin Komadugu, dausayin Haɗeja da Nguru, Kainji da Yawuri, madatsar Lagdo kusa da Garwa ko tabkin Madarumfa kusa da Maraɗi yana da lokacin da masunta ke cika kasuwa, galibi bayan ruwa ya fara janyewa, kuma a lokacin mai saye ba zai biya tsadar kifin kiwo ba alhali ga giwan ruwa, kurungu da karfasar kogi waɗanda yake ganin sun fi daɗi. Rikicin Boko Haram da ya gurgunta su da fataucin banda a Baga da yankin Diffa na shekaru ya rage wannan kifi a kasuwannin ƙasashe huɗun da ke kewaye da Tafkin Chadi, kuma hakan na cikin abin da ya buɗe wa masu kiwo ƙofa a Arewa.

Na biyu shi ne kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga teku, irin su titus, kote da shawa, da kuma karfasar ƙanƙara daga Asiya. Talaka da wannan yake auna tsadar kifin kiwo. Ƙasar da kuɗinta ke ɗaure da yuro, tana kuma da tashar jirgin ruwa kamar Kwatano ko Duwala, takan sami kifin ƙanƙara kan farashin da bai cika tsalle ba, sai ya danne abin da mai kiwo zai iya nema. A Kamaru kamfanin Congelcam ya mamaye wannan harka da shaguna a manyan garuruwa. A Nijeriya kuwa duk lokacin da dala ta hau kwalin titus yakan bi ta, sai masu saye su karkata ga tarwaɗa. Saboda haka kafin ka yanke hukunci kan wata kasuwa, ka shiga shagon ƙanƙara mafi kusa ka tambayi kuɗin kilo.

Dokar hukuma kan shigo da kaya ma tana nan. Ghana ta hana shigo da karfasa a 2018 domin gudun wata cutar kifi, kuma a ƙarshen shekarar wata cutar ta daban ta kashe kifi mai yawa a kejin Bolta. A Oktoban 2023 kuma sakin ruwan madatsar Akosombo da ke kan kogin Bolta ya lalata keji da dama a ƙasan kogin. Irin waɗannan abubuwa suna ɗaga farashi a ƙasa ɗaya ba tare da sun taɓa maƙwabciyarta ba, kuma tazarar da suka haifar ba ta ɗorewa.

Ka kula da lokutan ci su ma. Kasuwar kifi takan motsa da azumin Ramadan da kuma lokacin azumin Kirista a garuruwan da Kiristoci suke da yawa, takan kuma yi sanyi bayan Babbar Sallah lokacin da kowane gida ke da naman layya.

Iyaka da hanya

A takarda, tsarin sassaucin ciniki na ECOWAS ya yafe harajin kwastan a kan amfanin gona da na ruwa da aka samar a cikin yankin. Kamaru da Chadi ba sa cikin wannan ƙungiya, suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, don haka kayan da ya bi ta Gamborun Ngala ko Banki hukuncinsa daban ne da na wanda ya bi ta Seme. Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, saboda haka wajibi ne ka je ofishin kwastan na wannan gefen da na duwan na wancan gefen ka tambayi abin da ake biya a yanzu, ka kuma nemi takardar lafiyar kaya daga hukumar killace kayan gona idan kifi mai rai ko iri za ka ɗauka.

Iyakar kanta tana iya rufuwa a kan kayanka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, a lokacin kuma aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, wadda kafin nan ita ce mafi yawan wutar ƙasar, abin da ya taɓa masu ɗakunan sanyi da masu ƙanƙara kai tsaye. Duk lokacin da aka rufe, tazarar farashi takan buɗe baki, domin hanyar da ke daidaita kasuwannin biyu ta toshe.

Ko iyaka a buɗe take, hanya tana da nata haraji: kuɗin mota, 'yan dako, shingaye, canjin ruwa ga kifi mai rai, da jiran da zai iya kai ka cikin zafin rana. Tarwaɗa tana da juriya saboda tana shaƙar iska, shi ya sa ake iya ɗaukarta a jarkoki da bahuna, amma tana rage nauyi tunda ana hana ta abinci kwana ɗaya kafin tafiya, kuma wasu sukan mutu. Karfasa ba ta jure wannan, sai da ƙanƙara.

Haɗa lissafin

Ga misali da lambobin da aka ɗauko don koyarwa kawai, kai ka sa na ranar da kake ciki. A ce ka sayi kilo 100 a bakin tafki kan naira 3,000, wato naira 300,000, an kuma ce maka kilo yana sefa 2,000 a wancan gefen, canji kuma naira 2,500 ne kan jaka ɗaya. A ido, naira 5,000 ke nan kan kilo, tazarar naira 2,000. Amma 2,000 ɗin farashin tebur ne, ɗan sari sefa 1,600 zai ba ka. Ramewa da mutuwa sun ci kilo 8, saura 92, ka karɓi sefa 147,200, wato naira 368,000. Mota, dako, shingaye da la'ada sun ci naira 45,000, sai jarinka ya zama 345,000, ribarka 23,000. Idan kafin ka canza kuɗin naira ta ɗan farfaɗo jaka ta koma 2,350, abin da za ka karɓa naira 345,920 ne, wato ka yi tafiyar a kan naira 920.

Shi ya sa masu wannan fatauci da suka daɗe suka fi son banda a kan ɗanye idan tafiyar ta yi nisa, tunda ba ta mutuwa kuma za ta iya jiran kasuwa ta gyaru, suna kuma ƙulla ciniki da mai saye ta waya kafin a kama kifin daga ruwa, da sharaɗin girma, da sikelin wanda za a yi amfani da shi, da kuɗin da za a biya da shi. Wasu ba sa canza sefar gaba ɗaya, sukan sayo dabbobi ko wake su dawo da su, ta yadda motsin canji na kwana biyu ba zai taɓa su sosai ba. Idan karon farko ne, ka fara da kaya kaɗan a motar haya tare da wanda ya san hanyar, ka rubuta duk abin da ka biya tun daga bakin tafki har hannun ɗan canji, sannan ka sake yin lissafin da lambobin da suka fito daga aljihunka kafin ka ɗauki mota guda.